Radio Dabanga: Tashar da Nake Bin Labarin Tsaunukan Nuba da Ita

Sunan wannan tasha mai kawo labaran Sudan ya samo asali ne daga wani mazubin laka da mutanen Darfur ke adana hatsi a ciki, kusan abin da mu muke kira rumbu. Ta fara watsa shirye-shirye a ƙarshen 2008 daga ƙasar Holan a kan gajeren zango, amma ni ta shafinta na intanet nake bibiyarta, inda labarai ke fitowa da Larabci da Turanci.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne yadda take bin ƙungiyar 'yan tawaye ta SPLM-N ɓangaren Abdul'aziz al-Hilu, wadda ke da sansani a Kauda cikin Tsaunukan Nuba na jihar Kudancin Kordofan, kuma take neman a mayar da Sudan tarayya ta dimokuraɗiyya da aka raba addini da harkar mulki. Wannan buƙata tana yi wa Bahaushe nauyi a kunne, ni ma da farko haka ta yi mini. Sai dai wanda ya jure karanta rahotannin tashar zai ga cewa tushen maganar yana komawa ga dokokin shari'a da shugaban Sudan na lokacin, Numairi, ya ƙaƙaba a Satumbar 1983, da kuma yaƙin da ya sake ɓarkewa a Kudancin Kordofan a 2011, yankin da Musulmi da Kirista kan fito daga gida ɗaya. Wannan buƙata ce ta hana al-Hilu sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, har sai a Maris 2021 da shi da shugaban riƙon ƙwarya na Sudan, Janar Burhan, suka amince a rubuce da tsarin tarayya wanda gwamnati ba ta da addinin hukuma.

Ban ga tana yi wa 'yan tawayen kara ba. Ta kawo labarin rabuwarsu da shugaban ƙungiyar na lokacin, Malik Agar, a 2017, haka kuma ƙawancen da al-Hilu ya ƙulla da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, a Nairobi a Fabrairun 2025, matakin da a ganina ya zubar da ƙimar kiransa na dimokuraɗiyya ƙwarai.

Rahotannin gajeru ne, kuma cike suke da sunayen ƙungiyoyi da garuruwa, saboda haka sabon mai karatu zai ɗan sha wahala a makon farko. Lokacin rikicin jihar Blue Nile a Yulin 2022, wanda ya rutsa da Hausawan Damazin da Rosairis, shafinta nake fara buɗewa kowace safiya kafin in kunna rediyo.