Wata 18 ina karɓar yaran koyo daga wata cibiyar sana'a, ga abin da idona ya gani

Tun kwanaki abokan sana'a suke damuna da tambaya, wai cibiyar nan da take turo min yaran koyo yaya take, su shiga ko kar su shiga. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, bari kawai in rubuta kowa ya karanta. Sunanta kam ba zan kama ba, akwai ƙorafi a ciki kuma ban zo tona asirin kowa ba, balle ma irinsu sun yi yawa yanzu, duk wanda ya taɓa hulɗa da ɗaya zai gane inda na dosa.

Ni gyaran firiji da iyakwandishan nake yi, shekara 19 kenan ina kai. Yadda muka koya kowa ya sani, ka bi oga, ka ɗauki jakar kaya, ka riƙe tsani, sai ka yi shekara biyu kafin a barka ka taɓa wutar walda, ranar yaye kuwa sai ranar da oga ya ga dama. Nasu tsarin daban ne. Yaro zai yi kwana huɗu a wurina, kwana ɗaya a ajinsu, kuma akwai takardar yarjejeniya da mu uku muka sa wa hannu, ni da yaron da su, an rubuta abin da zan koya masa wata bayan wata, alawus ɗin da zan riƙa ba shi, awa nawa zai yi a rana, da wanda zai ɗauki ɗawainiya in ya ji rauni a bakin aiki. Wannan na ƙarshen shi ya ja hankalina gaskiya, don na taɓa ganin yaro ya faɗo daga tsani aka tsaya kallon-kallo tsakanin oga da iyaye.

Bari in fara da alherinsu, don suna da shi.

Yaron farko da suka turo min, bai fi wata biyu da zuwa ba muka je haɗa sabon esi a wani gida. Mun ɗaura na ciki, mun ɗaura na waje, na ɗaure bututu, na ɗauko makulli zan ɗan saki gas ya koro iskar da ke cikin bututun kamar yadda na saba, sai naji yaron a bayana murya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Oga don Allah a yi haƙuri, a bari in haɗa injin zuƙe iska tukuna." Wallahi raina sai da ya sosu, nace a raina ji min ɗan bana bakwai, yaushe aka haife ka. Amma mai gida na tsaye, ban so in yi masa tsawa a gaban mutane, nace toh bismillah haɗa mu gani. Ya ɗauko injin da na saya tuntuni na jefar ƙasan benci, ya haɗa geji, ya bar shi yana ja, ya rufe, ya tsaya yana kallon allura ko za ta dawo. Ta fara dawowa a hankali. Ashe akwai yoyo a wani noti da ni da hannuna na ɗaure, bakin bututun bai buɗu daidai ba. Da na bi hanyata, da wata uku ba za a yi ba mai gidan zai kira ni yana faɗa esi ba sanyi.

A hanyar komawa na tambaye shi me aka gaya musu a aji. Yace man da ke cikin kwamfiresan esi masu amfani da gas irin su R410A yana shan danshi sosai, in iska mai laima ta zauna a ciki sai man ya lalace ya zama kamar asid ya riƙa cin kwamfiresa, shi ya sa ake zuƙewa har ƙasa da maikuron 500, wato ma'aunin iskar da ta rage a cikin bututu, in akwai gejin da zai nuna. Na san kwamfiresa na mutuwa, na canja ba adadi, amma dalilin a haka tiryan-tiryan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa min. Haka maganar sakin iskar naitirojin kaɗan-kaɗan cikin bututun jan ƙarfe lokacin walda, don kar baƙin ɓawon nan ya taru a ciki daga baya ya je ya toshe siririn bututu. Haka maganar gas masu kama wuta. Firijin gida na yanzu yawanci R600a ne a ciki, esi kuma R32 ya yi yawa, wasu R290, duk saboda yarjejeniyar Montiriyal da ƙasashen duniya suka ƙulla a 1987, wadda ta sa ake janye irin su R22, da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016. Wanda ya koyi aiki da tsohon gas ya zo ya kunna wutar walda a jikin firiji mai R600a bai kwashe gas ɗin ba, Allah dai ya kiyaye. Yaran suna zuwa da wannan tsoron a ransu tun ranar farko, kuma ni a wurina wannan kaɗai ya biya.

Naje na ga ajin da idona. Benci 8 ne, kowanne da nasa kayan, akwai wani tsohon esi da suka yanka gida biyu ana ganin cikinsa, malamin kuma tsohon hannu ne, kallon tafin hannunsa kawai za ka yi ka san ya sha ƙunar walda. Duk wata yana zuwa shagona, ba kujera yake nema ba, sai ya miƙa wa yaro guntun bututu yace buɗe min bakin nan in gani, ya juya shi a haske, ya duba littafin aikin yaron, sannan ya juyo kaina, "Maigida, watan nan ba a ba shi aikin wayarin ba, me ya faru?" Har kunya nake ji, amma abin yana sa ni ma in gyara.

Toh daga nan labari ya sha bamban.

Wata na tara ko goma sai suka samu wani tallafi na faɗaɗa shirin. Na taya su murna har ga Allah, don yaran da ke neman wuri sun fi wuraren yawa nesa ba kusa ba. Suka buɗe sabbin fannoni, sola, famfo, gyaran waya, suka buga sababbin takardun talla masu sheƙi, suka ɗebi yara ninkin-ba-ninkin. Benci dai na nan 8. Malamin nan guda da yake zagaya mu sai aka jibga masa shaguna fiye da ƙima, daga duk wata ya koma bayan wata uku, daga nan sai kiran waya, daga nan sai wani saƙo a WhatsApp wai in ɗauki hoton yaro yana aiki in tura. Hoto! Yaro zai iya riƙe sifana ya yi murmushi ai ko bai san noti ba.

Yaro na biyu a wannan zubin ya zo, kuma ba laifinsa ba ne, yaro ne mai hankali. Amma ranar ajinsu su biyar suke taruwa a benci ɗaya, ɗaya na yi huɗu na kallo. Wata huɗu cur bai kunna wutar walda a can ba sai a wurina. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wata ma'aikaciyarsu da ta zo da littafinsa ana gobe masu tallafi za su zo duba su, shafi wajen goma sha biyu ba komai, tace in sa hannu a duka za su cike daga baya. Nace Hajiya ki yi haƙuri, abin da bai yi ba ba zan ce ya yi ba, gobe in ya fasa wa wani firiji sunana ne a ƙasa. Ta tafi ranta a ɓace, ni ma haka.

Abin da ya sa na je na yi ɗan bincike, a takardar tallarsu sun rubuta wai tsarinsu irin na Jamus ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A Jamus doka ce tun 1969 ta tsara abin, sana'o'in da aka amince da su sun haura 300, ana yin shekara 2 zuwa 3 da rabi, sana'ata ta sanyi ma shekara 3 da rabi ce cif. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, ba makarantar da ta koyar ba ce take yanke hukuncin ka iya ko baka iya ba, majalisun masu sana'a da 'yan kasuwa ne ke shirya jarabawar, kuma shi kansa ogan da zai karɓi yaro sai ya nuna ya cancanci koyarwa. Tun 2020 ma sun sa mafi ƙarancin alawus a doka. A cibiyar tamu kuwa su ke koyarwa, su ke jarabawa, su ke buga satifiket. Kaga in masu tallafi ƙidayar kai suke yi, waye zai kayar da ɗalibinsa?

Ingila ma ta gwada faɗaɗawa da ƙarfin kuɗi. A Afrilun 2017 suka sa wa manyan kamfanoni haraji, duk wanda albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara zai biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a yi amfani da shi wajen koyon sana'a. Shekarar da ta biyo baya masu fara koyo suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kamfanoni da dama suka karkatar da kuɗin wajen ƙaro wa tsofaffin ma'aikatansu da manajoji karatu, yaron da ya fito sakandare yana neman hanya aka bar shi a baya. Sai dai abu ɗaya nasu ya burge ni, ba a ba cibiya kuɗinta duka, ana riƙe kashi 20 cikin ɗari sai ɗalibi ya kai ƙarshe, kuma a tsarin da suka fara da shi wani daban ne yake gwada shi. Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta fitar da shawara mai lamba 208 a 2023, ingancin koyon ta sa a gaba, yarjejeniya a rubuce, biyan mai koyo, kariya a wurin aiki, da takardar da za a yarda da ita a wani wuri.

Masu cibiyoyi, in kuna karantawa, kasuwa fa tana nan a buɗe kuma mu ne kasuwar, mu ƙananan shaguna masu mutum uku huɗu. Babban kamfani yana da ofishin horo nasa, ba ya buƙatarku sosai. Ni kuwa na iya aiki amma ban iya tsara manhaja ba, ban da lokacin cike fom, ban da kuɗin sayen kowace sabuwar na'ura don kawai yaro ya gani, kuma akwai ayyukan da sai a shekara ban samu irinsu ba, kamar ɗakin sanyi na ajiye kaya. Da za ku riƙa juya yara tsakanin shaguna biyu uku, wata uku nan wata uku can, da yaro ya fita ya ga komai. Da za ku buɗe ajin yamma na sati biyu don mu ogannin kanmu a kan sababbin gas ɗin nan, ni ne farkon zuwa, kuma na san mutum biyar da za su biyo ni ko da a ɓoye ne, don girman kai ba zai bar wasu su zauna aji ɗaya da yaransu ba. Amma kafin ku ƙara yaro ashirin ku ƙara benci, ku ƙara mai zagaye.

In maki ake so, malamin da darasin aji na ba su 5 cikin 5. Takardar yarjejeniya 4, don akwai wurin da aka rubuta da turancin lauyoyi sai da na nemi a fassara min. Sa ido bayan faɗaɗawa 1, shi ma don suna ɗaga waya ne. Gaba ɗaya 3.

Wanda zai kai ɗansa ko ƙaninsa, kar ya tsaya a ofishin karɓar baƙi inda aka jera hotuna. Ya nemi a kai shi aji ranar da ake aiki ya ƙirga kai ya ƙirga benci, ya tambaya shago nawa mai zagaye ɗaya yake riƙe da su, cikin waɗanda suka fara bara nawa suka gama, kuma waye yake jarabawar ƙarshe. In aka fara kame-kame ya san inda ya kwana.

Yaron farko ya gama, na riƙe shi, yanzu shi nake turawa haɗa esi shi kaɗai kuma har yau ba a dawo min da aikinsa ba. Sun kira ni satin da ya wuce wai in karɓi wasu uku a sabon zubi, nace ɗaya zan ɗauka, shi ma sai an rubuta min a takarda cewa malam zai riƙa zuwa duk wata da ƙafarsa. Sun ce za su kira ni. Littafin yaro na biyu yana nan cikin durowa, shafi 7 muka cike da gaske, saura 5.