Bayan tiyatar murɗewar ciki: a bar karen a asibiti ko a kawo shi gida?

'Yan'uwanmu masu gadi a unguwannin Ikoyi da Lekki na Legas, inda ake ajiye manyan karnuka irin su Alsatian da Boerboel, sukan tarar da wannan zaɓi. An warware tumbin kare, an ɗinke shi jikin haƙarƙari don kada ya sake juyawa, sai maigida ya ce a dawo da shi yau.

Gida na da sauƙin kuɗi, kuma kare ya fi natsuwa kusa da wanda ya saba da shi. Iyakar amfaninsa ke nan a ganina.

Haɗarin yana cikin kwana 3 na farko. Tumbin da ya murɗe yana danne jijiyoyi, naman da jini bai kai gare shi ba yana sakin guba. Sai ƙananan gudajin jini su bazu a jijiyoyi, su cinye sinadaran daskarar da jini, daga baya kuma jini ya ƙi tsayawa. Za ka ɗaga leɓensa ka ga jajayen ɗigo a dasashi, ko ɗinkin yana tsatsafo. Zuciya ma takan rikice a wannan tsakanin.

A asibiti ana gwada jininsa, ana ƙara masa ruwa, ana bibiyar bugun zuciya, in ta kama a ƙara masa ruwan jini. A gida kuwa, kafin ka lura ka tsallake cunkoson gadar Third Mainland, ƙila an makara. Ni dai zan roƙi maigida a bar shi a kwance can.