Biya-ka-kalla na DAZN a daren Usyk da Fury: me kuɗin ya saya?

Ranar Asabar 18 ga Mayu 2024, a Kingdom Arena da ke Riyadh, Oleksandr Usyk na Yukren ya doke Tyson Fury na Birtaniya da maki a damben zamani, ya haɗe kambun duniya huɗu na ajin masu nauyi, waɗanda manyan hukumomin dambe huɗu ke bayarwa: WBA da IBF da WBO da ya zo da su, da WBC da ya karɓe daga hannun Fury. Rabon da mutum ɗaya ya riƙe sarautar ajin shi kaɗai tun Lennox Lewis a 1999, lokacin ma kambu uku ake lissafawa. DAZN, manhajar kallon wasanni, na cikin waɗanda suka sayar da kallon wasan ta intanet: fam 24.99 a Birtaniya, dala 69.99 a Amurka, sauran ƙasashe kowace da farashinta. A ganina kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba, amma ga wanda ya zauna ya kalli turmi 12 cif. Wanda ya tsaya kan gajerun bidiyon da ke yawo a waya bai ga wasan ba, turmi ɗaya ya gani.

A fara da saye. Ana sauke manhajar a waya ko talabijin mai intanet, a buɗe asusu da imel, sannan a biya kuɗin wannan daren daban, domin a 2024 babban wasa irin wannan ba ya cikin kuɗin wata-wata. Inda aka fi samun cikas shi ne kati. Ba kowane katin naira ne banki ke barin ya biya kamfanin waje ba, don haka a gwada tun kwana biyu kafin wasan, in ya ƙi a nemi katin dala. Sayen daren wasa, ana saura minti goma a fara, shi ke jawo biya sau biyu saboda gaggawa.

Sai data. Hoto mai kyau sosai yana cin kimanin gigabait 2.5 zuwa 3 a awa, matsakaici kimanin 1.5, na ƙasa bai kai 1 ba. Babban wasan kansa minti 47 ne idan aka haɗa da hutun minti ɗaya-ɗaya tsakanin turmi, amma shirin daren na ɗaukar awanni, kuma manyan ba su shigo fage ba sai bayan ƙarfe 11 na dare agogon Najeriya da Nijar. Wanda ya kunna tun wasan farko da hoto mafi kyau zai iya ƙona gigabait 15 kafin a buga ƙararrawar da yake jira. Dabarar ita ce a kalli wasannin share fage da ƙaramin hoto, a ajiye aƙalla gigabait 5 don na ƙarshe. Kuma abin da ake buƙata ba gudun intanet mai tsalle ba ne, a'a, mai ɗorewa, kamar megabit 8 a daƙiƙa wanda ba ya faɗuwa. Idan layi ya yi rauni, manhajar kan rage ingancin hoto da kanta don kada ya tsaya. A ƙwallon ƙafa ana iya jurewa. A dambe asara ce, domin safar hannu na zama hazo daidai lokacin da ake son sanin ko naushi ya sauka a haɓa ne ko a kafaɗa. A jona rauta (na'urar da ke ba gida intanet) da talabijin a inbata ko janareta tun kafin turmin farko, a kuma kashe sanarwar waya, saboda kallon intanet yakan zo baya da rabin minti ko fiye, saƙon WhatsApp zai iya riga hoton isowa.

Wasannin share fagen sun biya wani kaso na kuɗin. Agit Kabayel ya rushe Frank Sanchez da naushin ciki a turmi na 7, Anthony Cacace ya ƙwace kambu daga Joe Cordina a na 8, Jai Opetaia ya sake doke Mairis Briedis da maki, sannan matashi Moses Itauma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya gama da abokin karawarsa a turmi na 2. Abin da ya rage armashi shi ne dogon jira da bukukuwa tsakanin wasa da wasa.

To, babban wasan. A ma'auni Fury ya fi ta ko'ina: tsawo santimita 206 da 191, tsawon hannu 216 da 198, nauyi kusan kilo 119 da 101. Ya kuma fi ƙuruciya, shekara 35 da 37. Usyk bahago ne, hannun dama da ƙafar dama ke gaba, hagu ke baya da nauyin naushi. Wanda zai ji daɗin kallon sai ya sa ido ƙasa: duk lokacin da ƙafar Usyk ta gaba ta taka waje da ta Fury, hanya ta buɗe wa hagunsa kai tsaye zuwa ƙirji ko fuska. A nan kyamarar nesa mai nuna jiki duka ta fi amfani. Masu haɗa hoto na son matso da fuska don a ga jini da gumi, amma duk lokacin da aka yi haka aikin ƙafa ya ɓace wa mai kallo.

Tun turmin farko Usyk ya mamaye tsakiyar fage, Fury yana ja da baya, yana jingina da igiya yana wasa da 'yan kallo. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin raini. Ni dai ina ganin nan ne ya fara biyan bashin da ya zo ya same shi daga baya, domin mutum mai kilo 119 da ke tafiya da baya, ana ta yi masa barazana da hannu da kafaɗa ba a bari ya huta, ƙarfinsa ke zuba ko ba a taɓa shi ba. Duk da haka tsakiyar wasan na Fury ne ba gardama. A turmi na 5 da na 6 da yawancin na 7 ya gano inda Usyk ke sunkuyowa, yana tarbarsa da naushin dama mai tasowa daga ƙasa, yana kuma dukan haƙarƙari. A na 6 irin wannan naushi ya girgiza Usyk har ya ja da baya, abin da ba a saba gani ba. Duk wanda ya ce Fury bai yi komai ba a daren, bai kalli waɗannan minti tara ba.

Usyk ya gyara ne da abu ƙarami. Ya daina shiga a miƙe, ya koma kai hagu ciki da ƙirji har hannun Fury na dama ya saba saukowa, sannan ya ɗaga shi sama. A turmi na 8 hagun ya fasa hancin Fury. A na 9, ana saura kusan rabin minti, ya same shi sosai, Fury ya yi ta tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, naushi fiye da goma na sauka babu ramuwa, har ya zube jikin igiya a kusurwa. Alƙalin wasa Mark Nelson ya shiga tsakani ya yi ƙirga, yana gamawa ƙararrawa ta biyo baya.

Duk gardamar da ake yi a kan waɗannan daƙiƙoƙi take, kuma ɓangare biyu ne ke kuka da Nelson. Magoya bayan Fury na cewa ai bai faɗi ba, me ya kawo ƙirga? Wanda ya saba da damben gargajiya, inda sai jiki ya taɓa ƙasa ake cewa an yi kisa, zai ga kamar suna da gaskiya. Amma dokar damben zamani a fili take: idan igiya ce kaɗai ta hana mutum kaiwa ƙasa bayan naushi, faɗuwa ce, a ƙirga masa. A maimaicin hoto mai tafiya a hankali ana ganin gwiwoyinsa sun saki, igiya da kusurwa ne suka tallafe shi. Magoya bayan Usyk kuwa cewa suke yi ƙirgar ceto ce, da an bar Usyk daƙiƙa biyar da ya gama da Fury, ko kuma a tsayar da wasan a ba shi nasara nan take. Wannan ƙorafin ya fi nauyi, domin an sha tsayar da wasa a kan abin da bai kai haka ba. Duk da haka ina bayan Nelson. Wasa ne na kambu huɗu, kuma mutumin da ke gabansa an san shi da farfaɗowa: ya tashi a turmi na 12 gaban Deontay Wilder a 2018, ya tashi sau biyu a turmi na 4 a karawarsu ta uku a 2021, ya tashi bayan Francis Ngannou na Kamaru ya kai shi ƙasa a 2023. Abin da ya biyo baya ma ya nuna yana da sauran ƙarfi, ya kai ƙarshe a tsaye yana ramawa.

Ga kuma abin da ƙirgar ta haifar a takarda. A tsarin maki, wanda ya ci turmi 10 gare shi, ɗayan 9, idan an kai shi ƙasa 8. Cikin alƙalan maki uku, Manuel Oliver Palomo ya rubuta 115-112 ga Usyk, wato turmi bakwai da biyar. Craig Metcalfe ya rubuta 114-113 ga Fury, shi ma bakwai da biyar amma ta ɗaya gefen. Mike Fitzgerald ya raba shida da shida, makin faɗuwar nan ɗaya ne ya mai da takardarsa 114-113 ga Usyk. Da turmi na 9 ya tafi a 10-9, da an tashi 115-113, 113-115 da 114-114, wato canjaras, kowa ya koma gida da kambunsa. Ko da yake alƙalin maki na da ikon ba da 10-8 ba tare da faɗuwa ba idan duka ya yi yawa, kuma wannan turmin ya cancanci haka, ƙirgar ce ta cire zaɓi daga hannun kowa.

Shin Fury ya ci turmi bakwai? Da wuya. Na 5 da na 6 da na 7 nasa ne, na 12 ana iya ba shi, sai a nemo uku daga cikin na 2, na 3, na 4 da na 11, waɗanda duk suna da kusa. Kafin a kai bakwai sai an ba shi kusan kowane turmi mai shakka. Ƙididdigar CompuBox, masu ƙirga naushi a dambe, ta ce Usyk ya sauke naushi 170 cikin 407 da ya kai, Fury 157 cikin 496. Mutane ne ke danna maɓalli a wannan ƙididdiga, kuma ba ta auna nauyin naushi, don haka ba hujja ba ce ita kaɗai, amma ta dace da abin da ido ke gani. Maganar da Fury ya yi bayan wasa, cewa an tausaya wa Usyk ne saboda ƙasarsa na cikin yaƙi, ba ta da madogara a takardun nan uku. Da suka sake haɗuwa ranar 21 ga Disamba 2024 a Riyadh, alƙalai uku duk 116-112 suka ba Usyk.

Inda kallon intanet ya fi na tauraron ɗan'adam shi ne damar komawa baya. Mai son yanke wa kansa hukunci ya ɗauki takarda ya ja layi 12, ya kashe muryar masu sharhi, domin kururuwar su da ta 'yan kallo na sa naushin da ya tsaya a safar hannu ya yi kama da wanda ya shiga. Ya rubuta makin kowane turmi a cikin hutun minti ɗaya, kafin a nuna maimaici, kuma kada ya koma ya goge. Abin lura huɗu ne a jere: naushi mai tsabta da ya sauka, matsin da ya haifar da sakamako, wanda ke juya wasan yadda yake so, da kariya. Turmi na 3 da na 4 da na 11 su ne za su nuna wa mutum irin alƙalin da yake.

Masu gidan kallo su sani cewa sayen gida na kallon gida ne, nunawa jama'a da karɓar kuɗi na da nasa lasisin daban. Kuma kafin kowa ya biya na wani babban wasa mai zuwa, ya duba wa ke da haƙƙin nunawa a ƙasarsa, domin yana canzawa daga wasa zuwa wasa. Idan tashar wasanni da ke kan dikodarsa za ta nuna, kuma intanet ɗin unguwarsu na rawa da dare, ya tsaya a kan dikodar, ya bar manhajar don maimaici washegari.