Keken motsa jiki ko igiyar tsalle? Ƙanwata, sayi igiya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya, tsakanin keken motsa jiki na ɗaki da igiyar tsalle wanne ya fi, ga ɗaki ɗaya, ga tsakar gida na haɗaka. Duka biyun suna gidana a nan ƙauyenmu na ƙasar Ringim, don haka ba da ji-ta-ji-ta zan amsa miki ba. Sayi igiya, kuɗin keken kuma ki bar shi cikin jarinki.

Ni ɗinki nake yi, wuni nake a zaune. Iyayenmu da suka yi daka da surfe da jan guga ba su taɓa neman wani motsa jiki ba, aikin gida ya wadatar da su. Mu kuwa inji ya karɓe niƙa da surfe, yara sun karɓe ɗiban ruwa. Bayan haihuwata ta huɗu jiki ya yi mini nauyi, tasowa daga sujada sai na dafa gwiwa, kuma da na je asibiti aka ce jinina ya fara hawa. Tsoro ne ya sa na kwashi adashena na tura wa wani mai talla a waya, aka ɗoro mini keken a motar haya daga Kano, maigida ya ɗauko shi daga tasha a bayan babur.

Har yau ina jin zafin kuɗin nan. Keken ya cinye wurin da ya fi shimfiɗar sallaya, tsakanin gado da sif, sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Abin murɗawar da ke ƙara masa nauyi tun zuwansa ba ya aiki. Cikin wata na biyu bel ɗin ciki ya tsinke, mai gyaran keken garinmu ya buɗe ya ce shi sarƙa ya sani, wannan sai an nemo a birni. Mai tallar kuma ya daina ɗaga waya.

Igiyar kuwa ba ni ma na saye ta ba. Babbar 'yata ce ta yanko ragowar igiyar shanya suna tsalle da ƙawayenta a ƙofar ɗakina, ni ina kallo daga kan keken ɗinki. Washegari bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na ɗauki igiyar na koma bayan rumbu inda ba mai ganina. Tsalle goma sha ɗaya na yi numfashina ya ɗauke, na jingina da katanga ina haki. Ashe yarinyar ta biyo ni. Ta ce, "Umma, kina tashi sama da yawa, kuma da kafaɗa kike juyawa. Da wuyan hannu ake yi." Ta karɓa ta nuna mini, ƙafarta da ƙyar take barin ƙasa. Daga ranar ita ke ƙirga mini. Bayan kamar sati biyu facalata ta leƙo ta ce wannan ai wasan yara ne, kwana uku tsakani sai ga ta da ɗankwali ɗaure a ƙugu tana jiran layi. Yanzu mu uku ne da ƙanwar maigida, igiya ɗaya. Ɗaya na yi biyu na hutawa, in ta gaji ta miƙa. Hutun da ake so tsakanin zagaye da zagaye shi ke nan ya samu ba tare da agogo ba. In barci ya ɗauke ni ma, wata za ta buga mini ƙofa. Yau ina ɗaukar bokiti daga bakin rijiya har madafi ban tsaya ba, kuma na manta rabon da na dafa gwiwa a salla.

Ga yadda za ki yi. Yadi uku na igiya mai ɗan nauyi ya isa, mara nauyi iska ke kwashe ta. Ki taka tsakiyarta da ƙafa, ki ja bakunan biyu sama, su tsaya daidai hamatarki, abin da ya yi saura ki yanke ko ki ƙulle. Don kada ta ci miki tafin hannu, ki zura kowane baki cikin guntun tiyo ki ƙulla. Ki dira a kan gaban ƙafa, ba dunduniya ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wurin dira yana da muhimmanci ƙwarai: daɓen ƙasa mai laushi ya fi siminti, siminti ba takalmi shi ke jawo ciwon ƙwauri da idon sawu. Ki sa kambas, ko na gwanjo ne, kada ki yi da silifas, kada ki yi a kan ledar ɗaki don santsi. Ki yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, musamman da hunturu. Ki nemi rigar mama mai kamewa sosai, wannan kada ki raina shi. Satin farko tsalle ashirin, ki huta har numfashi ya dawo, ki sake, kamar sau biyar, kuma rana ɗaya yi rana ɗaya hutu. Sharaɓa za ta yi tsami, yana wucewa. Da bazara in rana ta fito an makara, da azumi kuma sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, wanda ke hana mutum doguwar magana saboda haki. Tsallen igiya cikin mai ƙarfin yake. Kin ga minti 15 sau biyar a sati ya kai 75 ke nan. Ba a kai wa nan a wata ɗaya, ni sai da na yi kusan wata uku, amma ana kaiwa.

Inda igiya ta gaza shi ne cikin ɗaki. In rufinku na azara ne ko silin ɗin ya yi ƙasa, za ta riƙa dukan sama, ko ta kwaso miki kwanukan jere. Ranar ruwan sama nakan ajiye ta, in riƙa juya hannu kamar tana nan ina tsallen a gefen gado. Haki ɗaya ne.

Keken dai ba ya girgiza gwiwa, kuma ana yinsa ƙofa a rufe, iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Saboda haka in kina da ciki, ko ciwon gwiwa, ko jikinki ya yi nauyi sosai, tsalle ba naki ba ne yanzu. Mai jego ma kada ta ce ta yi arba'in shi ke nan, ta bari aƙalla wata uku, wadda aka yi wa aiki kuma sai an duba ta a asibiti an ba ta izini. Akwai abin da mata ke jin kunyar faɗa: wasu in sun yi tsalle fitsari na ɗan zubo musu, musamman bayan haihuwa da yawa. Naman da ke riƙe da mara ne ya saki. In kin ga haka ki dakata, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ta koya miki yadda ake matse wurin ana saki har ya yi ƙarfi. Mai hawan jini ta auna tukuna, kuma kada ta ajiye maganinta don ta fara motsa jiki. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa, a tsaya nan take a nufi asibiti. Duk waɗannan ma ban ce su sayi keke ba. Zagaya tsakar gida da sauri da hawa da sauka a kan dakali sun ishe su farawa.

Hukumar nan ta kuma ce a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati, kuma igiya ba ta yin wannan sosai, keke ma haka. Kada ki sayi ƙarfen ɗagawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, galan mai lita 4 kilo 4 ke nan, da marikinsa. Ki cika biyu ki riƙe, ki zauna a bakin gado ki tashi sau goma, ki ɗaga ɗaya sama da kai da hannu biyu sau goma, ki dafa bango ki tura jikinki sau goma. In ya yi miki nauyi ki rage ruwan, in ya zama wasa ki zuba yashi. Jarka mai lita 25 kuwa ki bar ta tukuna, bayanki za ta taɓa.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don da zarar kin fara bincike masu talla za su yi miki caa. Wanda duk ya ce turo kuɗi kafin ki ga kaya, ki rabu da shi, hoton da yake nunawa sau da yawa ba na kayan da ke hannunsa ba ne. Bel ɗin rage tumbi gumi kawai yake sa ki, ki sha ruwa nauyin ya dawo, domin kitse ba ya narkewa a wuri ɗaya don an ɗaure shi. Shayin rage ƙiba da yawansu ganye mai sa gudawa ne a ciki, irin filasko, ruwan jikinki yake kwashewa ya bar ki da kasala, ga shi wasu ko lambar NAFDAC babu. Igiya mai batir mai ƙirga tsalle ma ba ki buƙatarta, kina da yara.

Ranar kasuwar Gujungu ki ba da saƙo wajen masu kayan roba a yanko miki yadi uku na igiyar shanya mai kauri, a haɗo da guntun tiyo kamu ɗaya ki raba biyu. In kin yi sati guda ki faɗa mini nawa kika kai ba tsayawa.