Sharhi: buhun guntayen fatar cafs, abin da yake yi da abin da ba ya yi

Cafs shi ne wandon fatan da makiyayan shanu na yammacin Amurka da Mekziko ke ɗaurawa a kan wandonsu in za su hau doki, don kare ƙafa daga ƙaya da gogar igiya. Masu ɗinka shi sukan fitar da ƙafafu biyu daga wuri mai kyau na ƙirgi, abin da ya rage a wuya da ciki da hammata kuma su tara su sayar da awo. Buhun laba 5 na yi aiki da shi, wato kilo 2 da 'yan kai. Ga mai ɗinka ƙananan kaya masu laushi, buhun ya ci kuɗinsa. Wanda ya saye shi don kube ko bel ko aikin zane kuwa, asara ya yi.

Fatar ta saniya ce, kaurinta oza 4 zuwa 5 a ma'aunin Amurkawa. Oza ɗaya wajen milimita 0.4 ce, ke nan tsakanin milimita 1.6 da 2. Launuka a gauraye suke, ba a zaɓa: ruwan ƙasa ya fi yawa, sai baƙi, sai 'yan guntaye masu gashi-gashi a fuska biyu. Kusan rabin buhun ya kai tafin hannu ko ya fi, sauran dogayen sirara ne da aka rage wajen yanka geza.

Kafin a sa wuƙa, a rarrabe. A kama kowane guntu a ja shi ta tsawo, a ja ta faɗi. Na kusa da gadon baya ba ya miƙewa sosai, shi ake ware wa alabe da gidan kati. Na ciki da hammata yana biyo hannu, bayansa sako-sako ne, ba ya riƙe ɗinki a wurin da ake yawan ja. Wannan sai jakar zuge da tuntu. Duk wanda ya tsallake wannan mataki zai ga bakin alabensa ya saki bayan 'yan makonni, katin yana zamewa.

Babban abin da baduku zai fara sani shi ne jimar. Wannan ba jimar bagaruwa ba ce irin ta majemanmu, jimar kurom ce, wato ta gishirin sinadari, wasu kuma an ƙara shayar da su mai. Gane ta ba wuya: a yanka gefe a duba tsakiyar, in rini bai ratsa ba za a ga shuɗi-shuɗi mai toka. Ko a jefa ɗan ƙanƙane a tafasasshen ruwa. Ta bagaruwa nan take za ta ƙanƙance ta taurare, ta kurom ba ta cika damuwa ba. Daga jimar kurom ɗin nan duk halin fatar ya samo asali. Ba ta shan ruwa ta riƙe siffa, don haka ba a jiƙa ta a ɗora a kan wuƙa ta bushe ta zama kube. Zanen da aka buga mata da ƙarfe yakan tashi ya ɓace. Ban kuma yarda a ajiye ƙarfe a cikinta na dogon lokaci ba, domin gishirin jimar yana iya jawo tsatsa in akwai laima.

Inda ta burge ni shi ne jakar zuge. A zana da'ira mai faɗin santimita 20 a kwali, a ɗora a yanka, a huda ramuka 16 a kewaye, santimita 1.5 daga baki. Dole adadin ramukan ya rabu biyu daidai, in ba haka ba bakin igiyar ɗaya zai fito ciki, ɗaya waje. Babu ɗinki ko ɗaya, kuma laushin fatar ya sa bakin yana tattaruwa lif. Igiyar ma daga buhun take fitowa: guntu mai faɗin santimita 10, in aka kewaya shi ana yanka siriri na milimita 3 daga baki zuwa tsakiya, yana ba da wajen mita 2. A ja ta da ƙarfi ta miƙe kafin a zura.

Gidan kati ma ya fito da kyau. Katin banki milimita 85.6 ne da 54, saboda haka guntaye biyu masu santimita 10 da 7 sun isa, a ɗinke gefe uku. Layin ɗinki milimita 3 zuwa 4 daga baki, tazarar huji milimita 4, zare mai kaki na milimita 0.8, allura biyu suna gicciye a rami guda. A yanke zare ninki huɗu na tsawon layin, da ɗan ƙari. Abin lura a nan shi ne jan zare. Hannun da ya saba da fata mai tauri zai ja da ƙarfi, wannan kuwa sai ta tattare ta yi kunya-kunya. Da zarar zaren ya kwanta, a tsaya.

Maƙalin makulli ba ya buƙatar dogon bayani: siriri mai santimita 2 da 20, a ninka a kan zobe, a buga ribit, wato 'yar ƙusar ƙarfe mai kai biyu da ke maƙale fata. Ƙafar ribit ɗin kada ta wuce kaurin fatar a ninke da fiye da milimita 2, in ta wuce lanƙwashewa take yi.

Gam ne ya fi ba da wahala. A kan guntaye masu mai, gam ɗin masu takalma yana kamawa kamar ya yi, sai ya ɓare ana tsakar huji. Man ne ke hana shi shiga. A kankare wurin da samfefa, a goge da sifirit, a shafa gam kaɗan a ɓangarorin biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a daddanna da guduma. Ko da haka, gam riƙon ƙwarya yake yi kafin ɗinki, kada a dogara da shi shi kaɗai.

Bakin fatar ma ba ya gogewa ya yi sheƙi da ruwa da katako. Ko a bar shi a yankansa da sabuwar reza, ko a shafa fentin baki sau biyu ana bi da samfefa a tsakani. Wajen yanka, a danne rular ƙarfe sosai a bi sau biyu ko uku a hankali, domin fatar tana gudu a gaban wuƙa, layin ya karkace. Fiƙe baki don ninki ya fi sauƙi a kan gilashi, da wuƙa mai kaifin aska.

Wani aibin da mai sayarwa bai ambata ba shi ne zubar launi. Wasu baƙaƙen da masu mai suna ɓata farin yadi, abin da ba ƙarami ba ne ga kayan da za su zauna a aljihun farar shadda. A goga farin ƙyalle mai ɗan laima a kan kowane guntu. Wanda ya bar tabo a mayar da shi maƙalin makulli ko tuntun linzami.

Mai niyyar saye ya tambayi girman mafi ƙanƙantar guntu da irin jimar kafin ya biya, ya kuma lissafa kuɗin aiko da kaya, tunda da nauyi ake caji. In buhun ya iso, a fitar da fatar daga leda a shimfiɗa ta inda iska ke ratsawa, musamman da damina, don fumfuna na saurin kama mai man.