Ɗaurin tsinke ko wasan tebur: wanne zai warware wa ɗiyar CE1 ragi mai aro?

Ƴar'uwa, kin ce ɗiyarki tana CE1, wato aji uku na firamare, ta iya ƙirga har ɗari da Hausa da Faransanci, amma kayenta na lissafi ya cika da jan alƙalami wajen ragi: an ba ta 52 a cire 27, ta rubuta 35. Maƙwabciyarki ta ce ki ɗaure mata tsinke goma-goma. Maigida kuma yana ganin a kafa mata wasan tebur, wato na saye da sayarwa da kuɗi, tun da in aka aike ta ba ta kuskuren canji. Shawararmu ita ce ki fara da tsinke, tebur ya biyo baya. Duka biyun suna da amfani, sai dai ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Ki dubi 35 ɗin nan da kyau, don ba dabara ta ɓace mata ba, dabara ta yi. Ta zo cire 7 daga 2 ta ga bai yiwuwa, sai ta juya ta cire 2 daga 7 ta samu 5, ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Wato 52 a idonta lamba biyu ce zaune kusa da juna, biyar da biyu. Ba ta ganin goma-goma har biyar a cikin 5 ɗin, balle ta san ana iya fasa ɗaya daga cikinsu. Yaro da yawa a wannan aji haka suke, kuma ƙara musu lissafi ashirin a allo ba ya gyara komai, sai dai su ƙware a kuskuren.

Tsinke yana kai hannu daidai wurin nan. Ki samu tsohuwar tsintsiya mai kauri, ki yanka tsinke 250, kowane tsawon ɗan yatsanki na tsakiya, ki datse bakin da ya yi tsini. Silin karan gero ma yana yi, amma yana saurin karyewa, awaki kuma ba sa barinsa. Kada ki yi da ashana mai kai. Ki tanadi ƙananan robobi ashirin da biyar, ko zare, da igiya biyu masu kauri na ɗaure ɗari. Sai ki ja layi biyu a ƙasa ko a bayan kwali, ya zama gida uku: na dama na ɗaiɗai, na tsakiya na ɗaurin goma, na hagu na ɗari. Doka ɗaya ce: ba gidan da ke kwana da abu ya wuce tara. Da sun cika goma, a ɗaure, a kai gidan da ke hagu.

Ita za ta yi ɗaurin da hannunta, ba ke ba. Wannan muna nanata shi, don uwa mai sauri takan ɗaure komai da dare ta miƙa wa yaro da safe, shi kuwa yaron bai taɓa ƙirga abin da ke cikin ɗaurin ba, sai ya ɗauke shi a matsayin abu ɗaya. Kwana uku na farko kada ki taɓo ragi sam. Ku ɗauki ɗan ludo ku riƙa jefawa bi da bi, abin da ya fito mutum ya ɗebi tsinke daidai da shi ya sa a gidan dama, wanda ya riga kai ɗari ya ci. Bayan kowace jefa ta rubuta lambar da take da ita a allo. Daga nan ku juya wasan: kowa ya fara da ɗari ɗaya a ɗaure, ana jefawa ana cirewa, wanda ya riga ƙarewa ya ci. Jefar farko ma za ta tilasta mata kwance ɗarin, ta kuma kwance goma ɗaya. Aro ke nan, tun ba a ambaci sunansa ba.

Sai ki dawo da 52 ɗin. Ta shimfiɗa ɗauri biyar da tsinke biyu. Ki ce ta ba ki bakwai daga gidan dama, ki yi shiru. Shirun yana da wuya, amma shi ne darasin. Za ta duba ta ga biyu kawai, ta duba ɗaurin, ta kwance ɗaya. Yanzu ɗauri huɗu ne da tsinke sha biyu. Ki tambaye ta: “Nawa ke gabanki yanzu?” In ta ce har yanzu 52 ne, ta gane. In ta ce 42, ko ta rasa amsa, ta sake ƙirgawa da kanta. Ta ba ki bakwai saura biyar, ta ba ki ɗauri biyu saura biyu, 25. In wannan ya zauna, ki kawo mai sifili a tsakiya, kamar 104 a cire 38: gidan tsakiya wayam, dole a kwance ɗari ya zama ɗauri goma, a kwance ɗaya cikinsu, a samu ɗauri tara da tsinke sha huɗu, amsa 66. Irin wannan ne ke kada yara har CE2, kuma a tsinke ana ganin inda 9 ɗin ya fito.

To me ya hana tebur yin wannan aikin? Kuɗinmu ne ba su zo goma-goma ba. Ƙwandalolin sefa da ke yawo a hannu su ne 5, 10, 25, 50, 100, 200, 250 da 500. Na sefa ɗaya ba ya yawo a kasuwa, don haka 52 da 27 ba su biyuwa ko a Kasuwar Dole ta Damagaram ko wajen mai teburin ƙofar gida. Gidan ɗaiɗai, inda matsalar ɗiyarki take, babu shi a wasan gaba ɗaya. Ban da haka, darajar kuɗi ba ta ganuwa a jikinsa. Ɗaurin tsinke in ka kwance shi za ka ga goma. Ƙwandalar 50 ba ta kwantuwa, kuma ta 25 ma ta fi ta girma a hannu. Sai yaro ya yarda da maganarki kawai, ba da idonsa ba.

Sannan mai tebur ba ya yin ragi irin na lakwal. In an sayi kayan 175 aka ba shi 250, ba ya cire komai. Daga 175 yake hawa: 25 ya cika 200, 50 ya cika 250, canji 75. Hanya ce mai kyau ƙwarai, ita ce ma tushen lissafin ka, kuma da ita ɗiyarki take kawo miki canji daidai. Amma ba a aro a cikinta, shi ya sa ƙwarewarta a aike ba ta bin ta cikin aji.

Akwai kuma maganar dala, wadda duk mai koya wa yaro lissafi a Damagaram ya kamata ya sa ido a kanta. A gida da kasuwa muna ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa 5. A lakwal kuwa da sefa ake rubutawa. Cinikin nan na sama a bakin ɗiyarki shi ne: kayan talatin da biyar, an ba da hamsin, canji sha biyar. Lissafinta daidai ne. Amma in ta rubuta 15 a kaye inda ake jiran 75, jan alƙalami za ta sha, ta kuma fito da tunanin ba ta iya ba. Yaron da bai riga ya zauna a kan goma da ɗaiɗai ba, in aka haɗa masa da ninkawa da biyar, an ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya.

Wannan ba rena tebur ba ne. A CE2 da CM, azuzuwan da ke gaba, tebur ya fi tsinke nesa, don tsinke yana gajiya da manyan lambobi: ba wanda zai ɗaure 2,500. A lokacin ki jera ƙullin gyaɗa, sabulu, alawa, kwalin ashana wofi, abu biyar ko shida sun isa, ki rubuta farashin kowane da sefa a ƴar takarda. Ki yanka kuɗi da kwali: na 25 guda takwas, na 50 guda shida, na 100 guda goma, na 500 guda huɗu, jikka biyu. Ta faɗi farashin da dala, ta rubuta da sefa, kullum duka biyun. Juyawar tana da sauƙi: daga sefa zuwa dala a ninka biyu a cire sifili, 175 ya zama 350 ya zama 35. Daga dala zuwa sefa a ƙara sifili a raba biyu. Nan ne jadawalin 5 ke zama a kai, nan ne kuma ninkawa ke samun ma'ana, sabulu uku a kan 150 nawa ke nan. Wani abu mai daɗi: in kika ware 5 da 50 da 500 kawai, da dala su ne ɗaya da goma da ɗari, wato gidajen nan uku na tsinke. Ga yaron CM wannan gada ce mai kyau tsakanin hanyoyin biyu. Ga ta CE1 kada ki kawo shi tukuna, don lambar da ke jikin kuɗin ba ita bakinta ke faɗi ba.

Kafin ki fara, ki buɗe kayenta ki ga yadda mushensu ke rubuta aro, don hanya biyu ce. Wasu suna soke 5 su rubuta 4, su mai da 2 ya zama 12. Wannan daidai yake da kwance ɗauri. Wasu kuma, bisa tsohuwar hanyar makarantun Faransanci, suna sa ƙaramin 1 a gaban 2 na sama, su ƙara 1 a kan 2 na ƙasa ya zama 3. In tasu ce ta biyu, kwance ɗauri kaɗai bai bayyana mata daga ina 1 na ƙasa ya fito ba. Sai ki shimfiɗa jeri biyu, 52 a sama, 27 a ƙasa, ki ƙara wa na sama tsinke goma a warwatse, ki ƙara wa na ƙasa ɗauri ɗaya. Kowa ya samu goma, tazarar ba ta motsa ba, kamar yadda shekarun da ke tsakaninta da yayanta ba za su canja ba ko bayan shekara goma. 12 a cire 7 saura 5, 5 a cire 3 saura 2. Kada ki ce mata hanyar mushe ba daidai ba ce. A gida ta gane da tsinke, a kaye ta rubuta yadda aka koya musu.

Tsinke yana taimakawa kuma wajen 70 zuwa 99, inda Faransanci ke rikita yara har su rubuta 6010 don sun ji sittin da goma. Ta aje ɗauri bakwai, ta ce saba'in, ta rubuta 70, sannan ta faɗa da Faransanci.

Abubuwan da ke ɓata aikin tsinke kaɗan ne amma suna maimaituwa. Tsinke ɗaya ya zare daga ɗauri ya koma tara, amsa ta riƙa fitowa ba daidai ba, a yi ta yi wa yarinya faɗa a banza, don haka a ƙirga ɗaurin kafin kowane zama. Ta riƙa wasa da tsinken ba ta rubutu, sai hannu ya iya amma allo bai sani ba, don haka kowane motsi a bi shi da alli nan take. Zama ya yi tsawo: minti sha biyar zuwa ashirin bayan la'asar, sau huɗu ko biyar a mako, ya fi awa biyu ranar Lahadi. A tebur kuma babbar matsalar ƙanne ne masu rarrafe, don ƙwandala ta gaske tana shiga baki, shi ya sa muka ce kwali.

Za ki san lokacin aje tsinke ya yi in kin ba ta uku a allo, 61 a cire 34, 80 a cire 46, 103 a cire 57, ta samu 27 da 34 da 46 ba tare da ta taɓa su ba, kuma da kika nuna 1 ɗin da ta rubuta kika ce “wannan mene ne?” ta ce goma ce aka kwance. In ta samu amsa amma ta kasa faɗin haka, ki ƙara mata mako ɗaya a kan mai sifili. In ta faɗa, ki zuba tsinken a gwangwani ki rufe saboda rabawa, don za ki sake buƙatarsu a can, sannan ki jera mata tebur, ki fara da farashin da ba su wuce sefa 100 ba.