Yamaha PSR-E373 ko Akai MPK Mini?

Ɗan'uwa da ka tambaya wanne za ka fara haɗa kiɗa da shi a manhajar FL Studio, fiyanon Yamaha PSR-E373 ko Akai MPK Mini: ka ɗauki Yamaha, shi nake aiki da shi.

Idan aka jona su da kwamfuta, aikinsu ɗaya ne: aika mata MIDI. MIDI ba sauti ba ne, saƙo ne kawai: wane madanni aka taɓa, da wane ƙarfi daga 0 zuwa 127, yaushe aka sake shi. Sautin daga manhajar cikin kwamfuta yake fitowa, kamar 3xOsc da ke zuwa da FL Studio, ko Vital da Surge XT da ake saukewa kyauta. Don haka abin dubawa shi ne wanda zai bar hannunka ya sake.

E373 madannai 61 gare shi masu cikakken girma, hagu na riƙe bes, dama na jan waƙa. Yana jin nauyin yatsa. Sa sautin sarewa ka taɓa a hankali, zai fito siriri kamar numfashi, ka ƙara ƙarfi ya buɗe. Yana da sautuka 622 na kansa da lasifika, kuma batir AA guda 6 na tashinsa, ko an ɗauke wuta atisaye bai tsaya ba. Akai kuwa ƙananan madannai 25 ne, fad ɗinsa 8, wato maɓallan roba da ake bugawa da yatsa, suna da daɗin buga ganguna, amma in babu kwamfuta ba ya cewa uffan.

Wajen haɗawa, nemi wayar USB irin ta firinta, kada ta kai mita 3, ka soka a kafar USB TO HOST. A FL Studio danna F10, shiga MIDI, zaɓi fiyanon a ƙarƙashin Input ka kunna Enable. Sannan a Function na fiyanon ka mayar da Local zuwa Off, in ba haka ba za ka riƙa jin sauti biyu a tare, nasa da na kwamfuta.

Abin da ya fi karya gwiwar sabon shiga shi ne jinkiri, ka danna sai daga baya sauti ya biyo. Ba laifin fiyano ba ne. A saitin Audio zaɓi FL Studio ASIO ka rage bafa, wato yawan ɗigon sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 256, jinkirin kusan milisakan 6 ke nan a kan ɗigo 44,100 a sakan. A 1024 ya kai milisakan 23, yatsa na jin wannan sarai. In sauti ya fara ƙarar-ƙarar, kwamfutar ce ta gaji, koma 512.

Ka yi hattara a shago. Akwai masu miƙo PSR-E273 su ce ai duk ɗaya ne. Shi ma madannai 61 ne, amma ba shi da kafar USB kuma ba ya jin nauyin yatsa. Wasu fiyano marasa suna kuma kafar da za a nuna maka ta filashi ce, ba ta aika MIDI. Je da laftof ɗinka da wayarka ta USB, ka ga sunan fiyanon ya fito a Input, ka bi madannan 61 ɗaya bayan ɗaya, da taushi da ƙarfi, musamman in na hannu ne, kafin ka ƙirga kuɗi.